Rediyon oba-oba a mota: daga ina za a ja masa wuta?

Tambaya ta zo daga wani Alhaji mai harkar sufuri a Agege: "Ina da Hilux ɗaya da tireloli uku masu ɗaukar kaya daga Apapa. Na sayi rediyon oba-oba irin na mota mai wat 45, mai wayarin ya jona mini na Hilux ɗin a ramin laita. Da na danna makirfo zan yi magana sai ya ɗauke ya sake kunnuwa. Idan na taka totur sai a riƙa jin wani fito a cikinsa. Sau biyu kuma ina wayar gari batir ya kwanta. Yanzu tsoron sa sauran a tirelolin nake yi. Ina gyaran yake?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ga dukkan alama rediyonka lafiyarsa ƙalau, inda aka ja masa wuta ne bai dace ba. Abin da yake bukata shi ne wayarsa ta kansa, mai kauri, wadda ta taso kai tsaye daga batir, da fis a gindin batir ɗin. Sauran bayanin duk a kan wannan zai hau.

Rediyo irin wannan yana da ci iri biyu. Lokacin da yake saurare kawai, abin da yake ja bai kai amfiya ɗaya ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), in sifika tana magana da ƙarfi ya kai kamar biyu. Amma da zarar ka danna makirfo, mai wat 45 yakan ja amfiya 12 zuwa 14 a take, mai wat 25 kuma tsakanin 6 da 11, gwargwadon ƙirarsa. An ƙera su ne su yi aiki a kan bolt 13.8. Da wutar da ke isa gare su ta sauka ƙasa da 11.7 sai ƙarfinsu ya fara raguwa, in ta gangara wajen 10.8 yawancinsu sai su ɗauke gaba ɗaya. Shi kuwa ramin laita, wayar da ke bayansa siririya ce, ta bi ta makulli da akwatin fis da mahaɗai da yawa kafin ta iso, kan filogin kuma ɗan tsini ne da sifirin ke tura shi, kowane rami mota ta faɗa sai ya motsa. An yi shi ne don cajin waya da makamantansa.

Ga lissafin, domin shi ne zai sa ka san abin da za ka saya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita sukwaya ɗaya, kowace mita ɗaya tata tana da turjiyar om 0.0175 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tauye wutar da ke bi ta cikinta). Idan daga batir zuwa rediyo mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8 ke nan. A amfiya 12, waya mai 1mm za ta cinye bolt 1.7 a hanya. Mai 2.5mm za ta ci kamar 0.7, mai 4mm 0.4, mai 6mm kuma 0.3. To ɗauka injin yana kashe, batir yana kan 12.4. Cire 1.7, saura 10.7, ba a ma lissafa abin da makulli da filogin laita suke ci ba. Nan ne rediyon yake ɗaukewa. Da ya ɗauke sai jan wutar ya tsaya, wuta ta dawo daidai, ya sake kunnuwa. Abin da kake gani ke nan.

Saboda haka a Hilux sayi waya mai 4mm, ja da baƙa. In za a kai rediyon can baya, tsawon ya wuce mita 5, a ɗauki mai 6mm. Ta zama mai silli-silli mai lanƙwasuwa, irin ta mota. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya sandararre jijjigar mota tana karya ta a cikin robarta, ka yi ta neman matsala ba ka ganin komai a waje. Sannan a kula da wata waya da ta cika kasuwa, cikinta alminiyom ne aka yi mata fentin jan ƙarfe. Turjiyarta ta fi ta ainihi da fiye da rabi, tana saurin karyewa, a iskar Legas mai damshi da gishiri kuma takan rube ta koma farin gari a bakin mahaɗi. Kafin ka biya kuɗi, ko a kasuwar Alaba ko a ta Ladipo, sa a fere bakinta ka kankare silli ɗaya da wuƙa. In cikin ya fito fari, bar ta. Ta ainihi ja ce har ciki, kuma za ka ji ta fi nauyi a hannu. Idan rediyon ya zo da wayarsa a kwali, da ita za a fara, sai dai in ba ta kai ba. In za a ƙara mata tsawo, a ƙara da wadda ta fi ta kauri.

Sauran kayan ba su da yawa: gidan fis mai murfin roba wanda ruwa ba ya shiga, fis mai amfiya 15 ko 20 (duba takardar rediyon, ita ce alƙali), kawunan waya masu zobe daidai da notin batir, bututun roba mai tsaga da ake zura waya a ciki, robobin ɗauri, rile (maɓallin da ƙaramar wuta ke kunnawa don babbar wuta ta wuce) mai amfiya 30 ko 40, da mitar gwajin wuta. Mai wayarin da ya zo wannan aiki da ƙwan gwaji kaɗai ba shi da mita, ba zai iya nuna maka cewa aikin ya yi ba.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na negetif, shi ne baƙi mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalili shi ne duk jikin mota negetif ne. In sifana tana kan fozitif ta gogi ƙarfen mota alhali negetif yana haɗe, tartsatsin da zai tashi yana iya narka sifanar, batir kuma yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Maganar fis ita ce wadda nake so ka fi riƙewa. Mutane da yawa suna ɗauka fis rediyo yake karewa, sai su bar shi can kusa da rediyon a ƙarƙashin dashbod. Babban aikinsa shi ne kare wayar, da motar baki ɗaya. Batir yana iya zubo amfiya ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido. In jar wayar ta goge a jikin ƙarfe a wani wuri tsakanin batir da fis, babu abin da zai tsayar da wutar, wayar za ta yi ja, robarta ta kama, daga nan sai abin da ke kusa da ita. Don haka fis ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 20 zuwa 30. In wayar kamfani tana da nata fis a kusa da rediyo, a bar shi, a ƙara wani a gindin batir. Kuma ka ja kunnen direbobinka: ranar da fis ya ƙone, a nemi dalili, a sa irinsa mai lamba daidai da ta wanda ya ƙone. Naɗa masa sillin waya ko takardar gwangwanin sigari, ko sa mai 40 a gurbin mai 15, daidai yake da cire shi.

Daga fis wayar za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin direba. A nemi inda manyan wayoyin mota suka ratsa ta cikin roba, galibi akwai ɗan wurin da aka bari don ƙari, ko a sami wata huda da aka toshe da roba. In dole sai an huda sabuwa, a leƙa bayan wurin tukuna, domin akwai bututun birki da na esi da wayoyi a manne a can. A goge bakin hudar, a shafa fenti, a sa mata zoben roba. Waya tsirara a bakin ƙarfe mai kaifi, a kan hanyoyi irin na Apapa da Mile 2, wata kaɗan za ta yi ta yanke. A cikin injin a zura ta a bututun roba, a nisanta ta da salansa da fanka da bel, a ɗaure ta kowane santimita 30. A ciki kuma kada ta kusanci sandar sitiyari ko feda. A yi ƙoƙari kada ta jera da wayoyin ƙwaƙwalwar mota. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce. Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi ake yi musu alama da ruwan ɗorawa, ba a taɓa su sam.

Kan waya ba a murɗa shi a cusa ƙarƙashin noti. A sa masa kai mai zobe, a matse da filayar matsa kan waya, a ja da ƙarfi a ga bai zare ba, sannan a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. In kan batir ya yi farin gari ko kore, a wanke shi da ruwan zafi, a goge da samfefa, bayan an ɗaure a shafa ɗan giris a kai. A Legas wannan ba ado ba ne, mahaɗin da aka bari a buɗe damina ɗaya ta ishe shi.

Baƙar waya fa? Nan ma'aikata suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ni abin da na fi ba da shawara a kai shi ne a ɗaure ta a jikin mota, daidai inda babbar baƙar wayar batir ta sauka, ko kusa da wurin. A kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a sa wosha mai haƙora, a ɗaure tam, a shafa giris. Dalili na farko: motoci da yawa na yanzu suna da ɗan na'urar auna wuta a kan negetif na batir, duk abin da aka ɗaura a kan batir kai tsaye yana kauce mata, sai lissafin caji ya rikice. Na biyu ya fi haɗari. Idan baƙar wayar rediyo tana kan batir, wata rana babbar wayar da ke tsakanin batir da jikin mota ta saki ko ta yi tsatsa, direba ya murɗa makulli, wutar sitata za ta nemi hanyar komawa. Sai ta bi ta gindin eriya, ta bi ragar wayar eriya, ta ratsa cikin rediyo, ta fita ta baƙar wayarsa. Amfiya sama da ɗari ta hanyar da aka yi wa 14, rediyo da wayar eriya duk sun tafi. Shi ya sa duk wanda ya zaɓi kai baƙar waya kan batir, wajibi ne ya sa mata nata fis, mai lamba ɗaya da na jar. In kuwa a jikin mota aka ɗaure, ba a sa mata fis. Abin da bai kamata ba shi ne a kama ta da wani ɗan sukuru a ƙarƙashin dashbod, inda ƙarfen siriri ne kuma fenti ya raba shi da sauran jiki.

Yanzu kwanciyar batir. Rediyon da ke jan amfiya 0.8 yana saurare, in an manta shi daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, ya sha kusan amfiya-awa 10. In daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ne, awa 60, ya sha wajen 48. Batir mai amfiya-awa 70 ko 75 wanda ya fara tsufa, kullum kuma cikin goslo da esi da fitilu ba ya samun cikakken caji, ba zai tashi injin dizal bayan haka ba. A wasu motocin ramin laita yana da wuta ko an zare makulli, wani lokaci ma mai wayarin ne ya mayar da shi haka. Magani iri biyu ne. Yawancin rediyon kamfanoni irin su Motorola da Kenwood da Hytera suna da wata siririyar waya ko fil a soket ɗin baya, wadda in an haɗa ta da wutar makulli rediyo zai riƙa kunnuwa da kashewa tare da mota, sai dai sau da yawa sai an buɗe wannan aikin a kwamfuta wajen saita rediyon. In babu ita, a yi amfani da rile. Ƙafarsa mai lamba 30 ta karɓi jar waya daga fis, 87 ta wuce zuwa rediyo, 86 ta karɓi wutar makulli ta siririyar waya mai ɗan fis na amfiya 2 ko 3, 85 ta tafi jikin mota. Ta haka makulli umarni kawai yake bayarwa, babbar wutar tana bin hanyarta mai kauri. Rile na ainihi da aka ciro daga motar tokumbo a Ladipo sau da yawa ya fi sabon mai araha ƙarko. In ana so rediyo ya yi aiki mota na kashe, a sa maɓalli na musamman, direba ya san yana kunne, a kuma riƙa tada injin lokaci lokaci. Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6, in ya sauka 12.2 rabi ya tafi.

Fiton da ke tashi da totur kuwa, daga altaneta yake. Da an koma kan batir kai tsaye galibi yakan ɓace, domin batir yana shanye irin wannan hayaniya. In bai ɓace ba, ga yadda za a gane mashigarsa. A kwance wayar eriya daga bayan rediyo, a tada injin, a buɗe sauti, amma kada a kuskura a danna makirfo. In fiton yana nan, ta wayar wuta yake shigowa: a duba inda aka ɗaure baƙar waya, a duba wayar da ke haɗa injin da jikin mota, sannan a juya mita zuwa awon wuta mai juyawa (AC) a ɗora a kan batir injin yana aiki. In ta nuna abin da ya kai rabin bolt, wataƙila ɗaya daga cikin dayod ɗin altaneta ya mutu, sai a gyara ta. In duk waɗannan lafiya suke, a sa matatar hayaniya mai ɗaukar amfiya 20 kusa da rediyo. In kuwa da aka cire eriya hayaniyar ta tafi, ta iska take zuwa. Ƙarar tas-tas mai bin saurin injin fetur ta fulogi ce da wayoyinsa. Shuuu mai toshe kunnen rediyo har ya daina jin na nesa, fara zargin cajar waya mai araha da ke ramin laita da ƙwayayen fitila na LED. A riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, za a kama mai laifin.

Tirelolin su ne inda kuskure yake da tsada. DAF da MAN da Howo da Iveco da Mercedes bolt 24 suke, batir biyu a jere, in injin yana aiki ma wutar tana kai 28. Wasu motocin Amurka irin su Mack akwai masu 12, don haka a auna da mita kafin komai. Rediyo mai 12 da aka jona wa 24 ko minti ɗaya ba ya yi. Dabarar da ta zama ruwan dare a gareji ita ce a ja wuta daga tsakiya, wato daga batir ɗaya. Rediyon zai kama, amma altaneta tana tura caji iri ɗaya ne ta cikin batir biyun, alhali ɗaya kaɗai ake sha. Wanda ake sha kullum cikin yunwa, ɗan'uwansa kuma caji yana yi masa yawa har ruwansa ya ƙafe. Cikin 'yan watanni sai ka sayi biyu. In kuma aka yi kuskure aka ja daga batir na sama, wato wanda negetif ɗinsa ba ya haɗe da jikin mota, baƙar wayar rediyon tana ɗauke da bolt 12 a kan jikin mota, da an ɗaura eriya batir na ƙasa ya game ta cikin rediyon.

Abin da ya dace shi ne kwanbata mai sauke 24 zuwa 13.8, wadda za ta iya ba da amfiya 20 ba tsayawa. A karanta da kyau, domin wasu lambar da suke rubutawa a jiki ta ɗan lokaci ce kawai. Fis mai amfiya 15 a gindin batir a ɓangaren 24, fis ɗin rediyo kuma a ɓangaren fita. A kafa ta inda iska ke ratsawa, ba a cikin akwatin da direba ke cusa bargo da kayan sawa ba. In motar tana da babban maɓallin yanke batir, a ja wutar daga bayansa, yadda in an yanke komai zai mutu har rediyo. Ga masu tankar mai wannan ba abin sassauci ba ne, kuma ba a yin aikin waya a kan tanka a layin defo. Direban da zai kwana biyu ko uku a layin shiga tashar jiragen ruwa ya sani cewa kwanbata ita ma tana ɗan shan wuta ko rediyo na kashe, sai a sa mata rile mai bolt 24 ko maɓalli a ɓangaren shiga.

Wurin kafa rediyon: ba a kan dashbod inda rana ke dukansa ba, ba a gaban jakar iska ba, haƙarƙarin bayansa kuma ya sami iska don nan zafi ke fita. Ƙarƙashin kujera a daɓe ma ban so ba a garin da ruwan sama ɗaya kan sa ruwa ya shigo ta ƙofar mota. A ɗaga shi, a ɗaure da ƙarfensa da sukuru.

Gwajin ƙarshe a gabanka za a yi shi. Kafin a cusa filogi a rediyo, a mayar da kan batir, a sa fis, a auna bakin filogin: jar sandar mita a jar waya ta nuna 12 da ɗoriya, ba tare da alamar ragi a gaban lambar ba. In an juya wayoyin, sa'a ita ce fis ya ƙone kafin abin ya wuce ciki. Sannan a haɗa eriya. Kada a taɓa danna makirfo babu eriya, ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa ya dafa taransistan ƙarshe, wanda yana cikin mafi tsada a rediyon. Wayar eriyar ta zama mai om 50 irin RG-58, ta talabijin mai om 75 ba ta dace ba. A mota mai bolt 12 irin Hilux, a tada injin, batir ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. A danna makirfo na daƙiƙa biyar a auna kan batir, a sake dannawa a auna bakin rediyo. Bambancin kada ya wuce rabin bolt. In ya wuce, a taɓa gidan fis da kowane mahaɗi, wanda ya yi ɗumi shi ne bai matsu ba. A sake gwadawa injin na kashe, a kuma gwada fitilu da esi da waifa na kunne, ana duban allon dashbod ko wata fitilar gargaɗi za ta kama lokacin magana. In ta kama, a nisanta wayar eriya daga wayoyin ƙwaƙwalwar mota, ko a rage ƙarfin rediyon zuwa wat 25.

Akwai ɗabi'u uku na gareji da suke kashe rediyo bayan an gama aiki mai kyau, ka gaya wa bakanikenka da direbobi. Cire kan batir injin yana aiki don a ga ko altaneta tana caji yana sa wuta ta yi tsalle ta ninka, haka ma tada mota da batir na aro a zare shi a mayar da nata injin bai tsaya ba. Yin walda a jikin mota da haɗa batir da na wata mota su ma haka. Kafin kowannensu a zare filogin wutar rediyon, wajen walda kuma a kwance har wayar eriya. Ajiye fis biyu na ƙari a kowace mota, ka manna lambarsu a jikin gidan fis ɗin, sannan bayan wata ɗaya da gama aikin a sake bin notocin da sifana, domin jijjigar farko ce take sassauta su.